Shekarar da Jirgi Ya Zo Fanko

Na sa jikata Zainabu ta kawo takarda da alƙalami ta zauna kusa da ni, domin ƙirjina ya fara yi mini gargaɗi, kuma akwai maganar da ba na so a binne ni da ita. Ku 'ya'yana kun taso kuna kiran Safiya Yaya, kun kuma san ba ciki ɗaya kuka fito ba, don ko makaho ya shafa gashinta ya san haka. Abin da kuka ji a bakin mutanen unguwa shi ne ubanta mutumin Jawa ne da yunwa ta kora, ya tsallake ya bar ta. Ni ma na sha ji ana faɗa a gabana, ban taɓa buɗe baki na gyara ba. To ku saurara.

A nan Makka aka haife ni. Iyayena ne suka taka daga ƙasar Kano, suka ratso Sudan suna noma suna gaba, har Allah ya kawo su. Mahaifinku Malam Salihu shi ma ɗan nan ne, sana'arsa ƙirar gwangwani. Yakan sayi garwar kananzir, ya wanke ta tas, ya yanka, ya ƙera ƙananan gwangwanaye, a cika su da zamzam ya liƙe bakin da dalma, alhaji ya kai ƙasarsu ko ɗigo bai zube ba. A zamanin nan babu masu saye kamar Jawawa. Su ba sa zuwa a gurguje. Tun kafin azumi suke sauka, su yi wata da watanni, kuma kowannensu sai ya yi wa duk danginsa tsaraba. Ƙasarsu tana hannun Turawan Holanda, jiragen wani kamfani na Holanda ne ke kawo su Jidda ya mayar da su. Mu a unguwarmu ta Zahir ba mu taɓa ganin jiragen ba, amma da su muke cin tuwo.

Haji Marzuki karatu ya zo yi ya zauna. Siririn mutum ne, mai sanyin murya, ba ya shiga gida sai ya yi sallama sau uku. Shi ke ɗaukar gwangwanayen Malam ya kai gidajen da alhazan Jawa ke sauka, ya yi musu magana da harshensu, in an sayar su raba. Ɗana na fari ya rasu yana da kwana goma sha biyu. A makon nan matar Haji Marzuki ta rasu wurin haihuwa. Ina zaune a ɗaki nono ya cika mini ƙirji yana zuba, na ji sallamarsa sau uku. Ya tsaya a bakin ƙofa da jaririya a naɗe cikin farin ƙyalle. Na miƙa hannu. Daga ranar ya daina kirana matar Salihu, ya koma ce mini Ummu Safiya. Shekaru da yawa ban sake samun ciki ba. Ita ke nan gare ni. Kullum bayan la'asar yakan zo, ta hau cinyarsa tana ce masa Abuya, ni kuma Inna.

Tana da shekara biyar duniya ta juya. Ba fari aka yi ba, ba yaƙi ba, ba annoba ba, shi ya sa muka kasa gane kan abin. Alhazai ne kawai suka daina zuwa. Shekarar farko suka ragu, muka ce Allah ya kai mu baɗi. Da baɗi ta zo, gidajen da Jawawa ke cikawa har soro suka zauna a rufe, tantabaru suna sheƙa a tagoginsu. Raƙuma suka rame a Jarwal, filin da ayari ke sauka. Masu ɗiban ruwa suna yawo da salka babu mai kira. Matan unguwarmu da ke yin daka da wanki a gidajen masu hali aka fara ce musu a dawo wani watan. Ɗaliban Jawa da iyayensu ke aiko wa kuɗi daga gida, yara masu tsabta da kunya, da idona na gan su suna tsintar ɓawon kankana a bayan kasuwa. Ba a rufa mako ba a ɗauki gawa a unguwa ba, kuma ba wanda ke tambayar me ya kashe shi. Na fara jin tsoron safiya, domin da gari ya waye sai yarinya ta ce Inna, me za mu ci.

Haji Marzuki ne kaɗai a cikinmu ya san daga inda masifar ta taso. Yakan samo jaridar ƙasarsu wurin abokansa, wadda ta yi wata biyu a hanya, ya zauna a gindin rumfar Malam yana karantawa yana fassara mana da Larabci. Ni ina daga bayan asabari ina ji. Ya ce sukari da roba sun faɗi warwas a kasuwar duniya, manomin Jawa da ke sayar da amfanin gona ya zo Hajji yanzu ko gishiri da ƙyar yake saye.

Malam ya ce, "To jiragen fa?"

"An ɗaure su a bakin ruwa, ya akhuya, ɗan'uwana. Kamfanin ya kai kuka wurin gwamnatin Holanda, ya ce in ba a tallafe shi ba zai rufe. Majalisarsu ta rabu biyu. Wasu sun ce kuɗin talakawa ba na ceton attajirai ba ne, wanda ya ci riba shi kaɗai to ya sha asara shi kaɗai. Wasu kuma sun ce in jiragen suka mutu ma'aikata za su zauna da yunwa, kuma ƙasar da ba ta da jirgi an datse mata hannu."

Malam ya ajiye guduma ya ce, "Ikon Allah! Wato a can in ɗan kasuwa ya faɗi, hukuma ce ke ɗaga shi?"

"In babba ne."

"To a rubuta musu, a ce akwai wani kamfani a Zahir mai guduma ɗaya da almakashi ɗaya, shi ma ya faɗi."

Suka yi dariya. Ni ban yi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wasu mutane da ba su taɓa jin sunanmu ba suna zaune a wani ɗaki a ƙarshen duniya suna gardama, kuma abincin 'yata yana bakin gardamar. Ga jaridar tsohuwa ce, ƙila abin da muke tsoro an riga an yanke shi tuni, mu ne dai labari bai iso mana ba. Ni da ban san ko Holanda gabas take ko yamma ba, sai ga ni a sujada ina roƙon Allah ya karkato zukatan waɗansu Nasara su ba wani kamfani kuɗi. Wani makon Haji Marzuki ya ce masu riƙe da baitulmali sun ƙi, sun ce kowa ya ɗaure cikinsa. Wani makon ya ce an sake tayar da maganar. Haka muka yi ta hawa da sauka, shi kuma ya fara wani busasshen tari da ba na so in ji.

Rannan sai ga shi kafin la'asar, yana sauri har yana haki, ya manta da sallamarsa ta uku. Ya ce an yarda, gwamnati za ta tallafi kamfanin, jirage za su tashi. Malam ya rungume shi. Muka ɗauka in jirgi ya tashi, ai alhazai zai ɗauko, me kuma jirgi zai ɗauka? Ni da kaina na zare awarwaron azurfar da mahaifiyata ta bar mini na ba Malam, ya sayo garwa da dalma. Wata biyu gudumarsa ba ta huta ba. Gwangwanaye suka taru a ɗaki har sun kusa taɓa rufi, in rana ta shigo sai su yi ta walƙiya, Safiya tana leƙa fuskarta a jikinsu tana dariya. Maƙwabta suka riƙa zuwa kallo, don ƙarar guduma a lokacin nan kamar albishir ce.

Akwai ofishin wakilin Holanda da ke kula da Jawawa mazauna nan. Haji Marzuki ya je can ya ji ranar da jirgi zai iso. Da ya dawo na ga fuskarsa tun daga nesa, gabana ya faɗi. Ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba.

Ya ce, "Jirgi na zuwa. Amma fanko zai zo."

Malam ya ce, "Fanko kamar yaya?"

"Babu alhaji ko ɗaya. Kamfanin suka ceta, ba manoma ba. Manomi yana nan yadda yake, ba shi da kuɗin jirgi. Gwamnati ta ba kamfanin aiki ne don kada jiragensa su ruɓe, kuma cikin aikin har da kwashe mutanenta da suka maƙale a nan. Zuwa zai yi ya ɗebe mu."

Malam ya juya ya dubi ƙofar ɗakin da gwangwanayen suke. Haji Marzuki ya yi tari, ya goge bakinsa, sa'an nan ya juyo wajen asabarin da nake baya.

"Ummu Safiya, na rubuta sunana. Da na Safiya."

Ban san sa'ad da na fito babu mayafi ba. Na durƙusa a gabansa na roƙe shi. Na ce yarinyar nan ba ta jin harshenku, Hausa da Larabci ta sani. Na ce mahaifiyata ta ba ni labarin yadda ake jefa gawa a teku. Na ce kai ba ka da lafiya, in wani abu ya same ka a tsakiyar ruwa wa zai riƙe ta? Ya bar ni na gama, hawaye na bin gemunsa.

Ya ce, "Duk na yi wannan tunanin. Amma ki gaya mini, me ta ci jiya?"

Na sunkuyar da kai. Dabino uku ta ci da ruwan kunu.

"A ƙauyenmu ko babu komai akwai shinkafa da ruwan sama. Tsohuwata tana da rai. Ba zan iya barin ta a nan in ji labarin yunwa ta kashe ta ba."

Da ya tafi Malam ya ce mini, "Hawwa, 'yarsa ce. Shari'a ta ba shi, kuma gaskiya ya faɗa. Amana aka ba mu, lokacin mayarwa ya yi."

An sa ranar Alhamis bayan azahar motar da za ta kai su Jidda za ta tashi daga Jarwal. Ranar Litinin da hantsi, Malam ya fita neman wanda zai sayi dalmar da ta rage, na goya Safiya na ɗauki gorar ruwa na kama hanyar Mina. Ƙanen mahaifiyata Kawu Idi yana can yana gadin gidan wani attajiri. Ku da kuka san Mina cike da jama'a ba za ku gane abin da na tarar ba. In ba lokacin Hajji ba, kufai ce. Gidajen dutse a kulle, ƙasusuwan layya sun yi fari a rana, shirwa na shawagi, iska na kaɗa wata ƙofa tana bugawa babu mai rufewa. Kawu Idi ya gan ni da yarinya, ya ji bayanina, ya riƙe baki.

Ya ce, "Hawwa, kin haukace ne? Kin san abin da askarawa ke yi wa wanda aka ce ya saci yaro a ƙasar nan? Farar yarinya a bayan baƙar mace, ubanta kuma yana da takardar Nasara! Wa zai tsaya ya ji kin shayar da ita? Cewa za a yi sayarwa za ki yi. Kuma ba ke kaɗai ba, duk Takarin Zahir sai an kwashe mu."

Amma bai kore ni ba. Ya buɗe mana wani ɗakin ajiya a bayan gidan. Kwana uku na yi a ɗakin nan, ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, kafin nan ko bayan nan. In jaki ya yi kuka a nesa sai in danne bakin yarinyar. In dutse ya gangaro daga tsauni sai in ce ga su nan. Ina jin tsoron askar, ina jin tsoron Malam, ina jin tsoron Allah, kuma duk wannan bai kai tsoron ranar Alhamis ba. Safiya ta yi ta tambaya yaushe za mu koma gida. Na ce ziyara muka kawo wa Kawu. Ranar Laraba Kawu Idi ya ba ta dabino huɗu, na ga ta ci biyu ta ƙulle biyu a bakin ɗankwalinta. Na ce ta cinye mana.

Ta ce, "Na Abuya ne. Yana tari, kuma ba ya cin komai a gidansu."

Maganar nan ta karya ni. Na dubi yarinyar na ga ba tawa ce ni kaɗai ba. Ranar Alhamis rana na fitowa na goya ta, na yi wa Kawu sallama, na nufi Jarwal.

Na isa ana kiran azahar. Filin babu mota, babu Jawawa, sai sawun taya a cikin rairayi da tsummokaran da matafiya suka yar. Malam yana zaune a kan wani dutse shi kaɗai. Ya ɗago ya dube mu. Na jira ya zage ni ko ya mare ni. Ya karɓi yarinyar daga bayana, ya ba ta ruwa, ya ce ta je ta zauna a inuwa. Sa'an nan ya gaya mini cewa an aiko daga Jidda jirgi ba zai jira ba, motar ta tashi tun da hantsi.

Ya ce, "Tun ranar Litinin na san inda kike. Shi ma ya sani. Ina kike da shi ban da wurin Kawu? Na ɗaura takalmi zan je in kawo ku, ya riƙe mini riga. Ya ce in kin kawo ta da kanki zai tafi da ita, in ba ki kawo ta ba, ba zai sa a fizge yarinya daga bayan uwarta ba."

Na ce, "Da aka nemi yarinyar fa?"

"Magatakarda yana kiran suna, askar biyu suna tsaye a gefensa. Aka kira shi ya amsa. Aka kira Safiya 'yar Marzuki. Ya yi shiru. Aka sake kira. Na ce a raina yau kashinmu ya bushe. Sai ya ce, 'Ta rasu.' Magatakarda ya ja layi a kan sunan, ya wuce na gaba."

Malam ya share fuska da hannun riga.

"Mutumin da ban taɓa ji ya yi ƙarya ba, Hawwa. Ya yi ta a kan 'yarsa, don kada a taɓa ki. Ya hau bayan motar ya zauna yana fuskantar hanyar Mina. Har suka sha kwana bai juya ba."

Ban san yadda muka koma gida ba. Safiya ta yi wata guda tana fita bakin ƙofa bayan la'asar. Mutanen unguwa suka ga yarinya tana nan uba ya tafi, suka ƙulla nasu labarin, mu kuma muka bar su, domin gaskiyar tana iya kai ni kurkuku. Daga baya hatsarin ya wuce, amma bakina ya riga ya saba da shiru, kuma shirun ya fi mini sauƙi. Mahaifinku bai sake tayar mini da maganar ba har ya koma ga Allah. Yunwar ba ta tafi nan da nan ba. Akwai ranakun da na ga ƙasusuwan haƙarƙarin yarinyar, na tuna tambayar ubanta, na ce in ta mutu ni na kashe ta. Allah ya raya ta.

Kamfanin kuwa ya rayu. Bayan 'yan shekaru jiragensa suka dawo cike da alhazai, gwangwanayen da ba su yi tsatsa ba suka shige, aka haife ku ɗaya bayan ɗaya. Kowa yana murna da dawowar Jawawa, ni kuwa in na hango siririn mutum mai zane ya shigo unguwa sai in laɓe bayan asabari ina leƙensa. Ina so ya zo, ina tsoron ya zo. A shekara ta huɗu wani tsoho daga ƙauyensu ya yi ta tambaya har ya gano gidanmu. Ya ce Haji Marzuki ya isa lafiya, ya ga tsohuwarsa, tarin ya ci gaba, bai cika shekara ba ya rasu. Ya ce ya bar saƙo, duk wanda Allah ya kai Makka ya gai da Ummu Safiya, ya ce mata babu komai tsakaninsu sai alheri.

Kafin in kira Zainabu da takardarta, sai da na fara gaya wa mai abin. Makon jiya Safiya ta zo, ita ma yanzu da furfura da jikoki, tana shafa mini mai a ƙafa. Na kwashe duka na faɗa mata. Hannunta ya tsaya.

Sa'an nan ta ce, "Inna, da mun iske motar, da kin miƙa ni?"

Na yi niyyar in ce mata i. Amma na gaji da ƙarya. Na ce ban sani ba. Na gaya mata abin da ko mahaifinku ban taɓa gaya wa ba: a hanyar nan daga Mina sau biyu na zauna a inuwar dutse na daɗe, kuma ba gajiya ce kaɗai ta zaunar da ni ba.

Ta sunkuyar da kai, hawayenta ya ɗiga a kan ƙafata. Can sai ta ƙaro mai a tafin hannu ta ci gaba da shafawa.

Ta ce, "In za a rubuta, Inna, a rubuta sunansa daidai. Kuma a sa yara su riƙa yi masa addu'a tare da Baba."

Marzuki ɗan Abdullahi, mutumin Jawa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ni kuma ya yafe mini.